Injin da Ke Fashewa a Kashe

Makon jiya wasu samari biyu suka shigo rumfata a bayan tashar Madawa suna turo keke, baki har kunne. Sun ɗaura masa injin lantarki da hannunsu, wai a waya suka gani, wani ya haɗa irinsa kafin shayi ya tafasa. Suka ɗaga ƙafar baya, ɗayan ya murɗa, ƙafa ta ɗauki gudu tana kuka, suka tsaya suna kallona suna jiran in ce madalla. Na ce madalla, don sun yi ƙoƙari, naɗin wayarsu ma ya fi nawa na farko tsabta. Sannan na tambaye su me ya riƙe maganaɗisun da ke ciki. Suka ce gam. Na ce gam da me? Suka ce gam mai kyau. To saboda su da ire-irensu na zauna zan faɗi yadda na koyi wannan aiki.

Sana'ata ta asali naɗin waya ce, abin da muke kira bobinaj. Wajen wani dattijo na koya, Maigida Sumana, Allah ya jiƙansa da rahama. Aikin farko da ya bar mini ni kaɗai fanka ce da ta ƙone. Na warware tsohuwar waya, na naɗa sabuwa, na shafa barnis, na shanya. Da na haɗa, fanka ta tashi, amma tana rawa har teburin yana tafiya. Ina ta murna ta juya, shi kuwa ya zo ya zare wuta. Kowane inji na lantarki kashi biyu ne: akwai gida mai tsayawa, inda waya take, akwai ƙarfe mai juyawa a tsakiya, shi ne rotor. Maigida ya fidda rotor ɗin, ya kafa bakin zarto biyu a jere, ya ɗora shi a kai. Rotor ya gangara da kansa, ya tsaya. Ya juya shi ya sake, ya koma ya tsaya a wuri ɗaya. Gefe ɗaya ya fi nauyi.

Ya ce, “Habu, waya kowa na iya naɗa ta, har tsohuwa mai kaɗi ta hi ka. Abin da ka juyawa, shi aka tsoro.”

Na yini ina goge gefen mai nauyi da magagari, kaɗan-kaɗan, har rotor ya yarda ya tsaya duk inda aka ajiye shi. Zartunan nan biyu suna nan a rumfata. Su da mita ta auna wuta, da gudumar katako, da wani dogon sukuddireba da nake ɗora bakinsa a jikin inji, in sa ƙotar a kunne in ji abin da ke faruwa a ciki, su ne kayan aikina. Da su na ci abinci shekara da shekaru, wajen masu lambun albasa da injin ban ruwansu, da direbobi masu dinamon da ya daina caji, da masu injin niƙa. Alhamdu lillahi, ban taɓa kwana da yunwa a wannan sana'a ba.

Keken lantarki daga baya ya same ni. Shekarar da man fetur ya yi tsada, wanda ake shigowa da shi daga kudu a jarka ya daina araha, babura da yawa suka kwanta a zaure. Farantin hasken rana kuwa ya riga ya shiga kowane ƙauye saboda cajin waya. Wani mai burodi da ke zaga ƙauyukan gefen Madawa ya zo ya ce ƙafafunsa sun gaji, in yi masa dabara. Na samo mataccen dinamon mota, na fidda tsohon rotor, mai tur, wato mai injin fere ƙarfe, ya fere mini sabon ƙarfe, na jera maganaɗisu a bayansa na manna da gam mai haɗi biyu. Irin wannan inji ƙarami ne, ƙarfinsa a gudu yake, don haka sai an rage masa ta sarƙa: ƙaramin haƙori a kan inji, babba a ƙafa, hawa biyu. Kafin ƙafar keke ta zaga sau ɗaya, rotor ya zaga fiye da goma. Mai burodi ya hau ya tafi yana dariya, kuma har yau injin nan yana aiki.

Akwai wani ɗan abu da ya kamata ku riƙe a nan. A ƙafar bayan keke akwai abin da ke barin ƙafa ta yi gudunta ko mahayi ya daina taka feda, mai ƙarar nan ƙas-ƙas-ƙas, mu ru-libur muke ce masa. Na kasuwa ba ya jure ƙarfin inji, haƙoransa zubewa suke. Duk masu wannan aiki dabara ɗaya muka yi a lokacin: a gefen inji sai mu liƙe shi da walda, ya zama inji da ƙafa a ɗaure suke, in ɗaya ya juya dole ɗayan ya juya.

Ba na sakin inji sai na gwada shi. In ɗaga ƙafa, in cika batir, in murɗa har ƙarshe, in bar shi yana kuka har ya yi zafin da ba a taɓa shi. Ko ɗaya bai taɓa fashewa a gabana ba. Bayan kaka labari ya kai Buza da Keita, aiki ya yi mini yawa har ina mayar da mutane.

Na farkon da ya dawo wani mai goro ne daga wajen Keita. A buhu ya kawo mini injin, hannunsa da gwiwarsa duk a goge. Na girgiza injin na ji kamar tsakuwa a gwangwani. Da na buɗe, maganaɗisu sun ɓalle daga rotor sun daki waya, sun niƙe sun zama gari, waya ta tsittsinke. Injin ya cije nan take, ƙafar baya ta tsaya cak, mutum ya tashi sama. Na yi masa sannu, na ba shi ruwa, na ce, “Ƙaƙa hanya?”

Ya ce, “Lahiya lau.”

“Gudu kaka yi?”

“Wane gudu? Wallahi ban ko murɗa ba. A kashe yake, ina tahiyata, sai nij ji ƙara.”

Na biyu ma haka ya ce. Na uku, wani mai awon hatsi daga Buza, shi ƙashin kafaɗarsa ya karye, ɗan'uwansa ya kawo injin. Na tambaye shi yaya hanyarsu take, ya ce hanya alhamdu lillahi. Shi ma ya rantse injin a kashe yake lokacin da ya fashe. Kaina ya ɗaure. Injin da ya jure batir cike a rumfata, ta yaya zai fashe ba wuta a jikinsa? Na zargi gam, na canza gam. Na zargi zafin rana, na huda wa gidan inji ƙofofin iska. Na zargi masu kawo maganaɗisu. Na gari, masu bin kwalta da lambuna, ko ɗaya bai dawo ba, sai na arewa kaɗai. Wasu suka fara cewa iskokin duwatsun can ne ba su son ƙarar. 'Yan tasha suka raɗa wa injin suna, wai “sai likita”, in na wuce sai su kira sunan su tuntsire da dariya. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don sunan ba, don mutumin da ke kwance da karaya. Na tattara maganaɗisun na jefa ƙarƙashin benci, na koma kan fankoki da injin ban ruwa, na ce ni da keke har abada.

Ana tsakiyar bazara wata motar Buza ta tsaya a bakin rumfata, aka sauko da keken guragu daga samanta, irin mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Mai keken ya sauko da kansa, da hannuwansa, yaron mota ya miƙa hannu zai taimaka ya daka masa tsawa. Dattijo ne kamata, ƙirjinsa faffaɗa, ƙafafunsa a shanye tun yarinta. Ya ce sunansa Agali, baduku ne, ƙauyensu yana kan dutse tsakanin Tabotaki da Buza. Kube yake ɗinkawa da linzami da layu, kowace ranar kasuwa yakan sauka Buza ya sayar, ya hau ya koma. Da hannu yake wannan tafiya tun yana saurayi. Yanzu hannun dama ya fara mutuwa daga kafaɗa zuwa yatsu, hawan dutsen ya gagare shi. Ƙanensa ya ce ba komai, zai riƙa ɗora shi a amalanken jaki.

Ya ce, “Malam Habu, tun da niy yi wayo ba wanda yaɗ ɗauke ni. Ni ba buhun hatsi na ba. In ba ka yi min injin ga ba, sai dai in zamna gida in bar kasuwa, don amalanke kam ba ni hawa.”

Na gaya masa gaskiya. Na ce injina yana karya masu ƙafa biyu lafiyayyu, ban san dalili ba, ba zan ɗora shi a kai ba. Ya ce ya ji labari, har sunan injin ya sani. Ya jawo jakarsa, ya baje fatu da basilla a inuwar rumfata, ya kama ɗinki. Ya ce yana da masauki a gari, kuma shi ba ya gaggawa. Kullum da safe sai in tarar ya riga ni zuwa. Har ciniki ya fara yi a wurin, direbobi suna sayen kube.

Wata rana da hantsi muna shan fura, ina kallon tafin hannunsa da ya yi kanta kamar ƙasan takalmi, na ce masa, “Malam Agali, ƙaƙa hanya?”

Ya ce, “Lahiya lau.” Sai ya ajiye ludayi ya dube ni. “Tsaya. Gaisuwa ta ko tambaya ta?”

Na ce tambaya ce.

“To in gaisuwa ta, lahiya lau. In tambaya ta, gyara zama.”

Ku yara, ku ji wannan da kyau. Duk mutanen da suka kawo mini fasassun injuna na tambaye su hanya, kuma duk sun amsa mini, amma gaisuwa suka amsa. Wane Ba'adare ne, ɗan ƙasar duwatsun nan, za ka ce masa yaya hanya ya ce maka ba lafiya? Ko a ƙafa ya zo daga Keita da karaya, lafiya lau zai ce. Ni kuma ɗan Madawa ne, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa na girma, da na ji lafiya lau sai in ɗauka hanyarsu irin tamu ce. Su kuma gangara ba labari ba ce a wurinsu, da ita aka haife su. Sai mutumin da ya auna hanyar nan da damtsensa ne ya san akwai amsa ta biyu.

Ya faɗa mini ita tiryan-tiryan. Daga bakin gari tsakuwa ce, sai wani lanƙwasa wajen wata aduwa, daga nan ƙasa ta sunkuya, doguwar gangara ba tsayawa. A gindinta akwai ƙorama busasshiya cike da rairayi. Ya ce rabin farko yakan ja birki da iyakar ƙarfinsa, rabin ƙarshe kuwa sakin keken yake gaba ɗaya, don in bai shiga rairayin da gudu ba, nan zai kafe.

“Wurin nan,” in ji shi, “sai in ɗauke hannu daga matuƙi in riƙe ƙarhen tsakiya, in kau da huska. Don matuƙin da kanshi yaka juyawa, ƙahwa ka tuƙa shi. In yas same ka, haƙoranka sun tahi.”

Na ajiye ƙwaryar fura. Ƙafa ke tuƙa shi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Injina da ƙafar keke a ɗaure suke da walda. A rumfata batir ke juya rotor, kuma batir yana da iyaka, in ya kai iyakarsa ba ya wucewa. A gangara kuwa ƙafa ke juya rotor, ta cikin sarƙar nan da ke ninka kowane zagaye fiye da goma, kuma dutse ba ruwansa da iyakar batir. Mutanen nan gaskiya suka faɗa, a kashe injin yake. Sun kashe ne don sun ga gangara, su adana caji.

Duk wanda ya taɓa korar tsuntsu a gonar gero da majajjawa ya san dutsen yana jan hannu, yana neman tafiya, kuma in ka ƙara wulwulawa jan yana ƙaruwa. Haka kowane maganaɗisu yake a bayan rotor. Abin da ban sani ba shi ne yadda jan yake ƙaruwa. Wani malamin lise, wato babbar sakandare, da ke kawo mini fankarsa, Allah ya saka masa, shi ya durƙusa ya zana mini a ƙasa da tsinke: in gudu ya ninka biyu, jan ya ninka huɗu, in ya ninka uku, jan ya ninka tara. Ya ƙara da cewa rotor mai faɗi ya fi siriri wahala a gudu ɗaya, kuma gam in ya yi zafi laushi yake. Mutum ya hau tudu inji ya gasu, ya juyo gangara da gam mai laushi, sauran labarin kun ji shi.

Ga kekuna masu ƙafa biyu maganin bai yi wuya ba. A cikin abin tayar da babur akwai wani ru-libur mai ƙarfi da ke kamawa gefe ɗaya ya saki ɗaya gefen. Shi nake sawa yanzu, in ƙafa ta fi inji gudu sai ta bar shi a baya. Na aika aka gaya wa duk mai injina ya kawo in canza masa. Amma na Agali ya ƙi wannan magani. Birkinsa dogon ƙarfe ne da ake ja da hannun dama, hannun da ya mutu. In na raba inji da ƙafa, ba abin da zai riƙe shi a rabin farko na gangarar. Dole injin ya zauna a ɗaure ya zama shi ne birki: in aka juya wutar da yake haifarwa cikin wayar dutsen guga, sai ya riƙa turjewa yana rage gudu. Wato dole in yi rotor da zai jure dutsen, ko da wani abu ya tsinke a hanya.

Na haƙa rami a bayan rumfa, na jera tsofaffin tayoyi a bakinsa, na rufe da buhunan rairayi. A ciki nake ɗaure injin gwaji, in ja bel zuwa injin ban ruwa a waje, shi zai yi aikin dutse. Ba ni da abin auna gudu, amma inji in ana juya shi wuta yake bayarwa daidai gudunsa, don haka mitata ta ishe ni: in allura ta nuna ninkin abin da batir ke bayarwa, na san gudu ya ninka. Na farko, mai gam kaɗai, bai kai ninki biyu ba ya tashi da ƙara, awakin maƙwabta suka watse. Na sa mai tur ya fere siriri mai tsawo, ya yanka masa gurabu masu leɓe yadda maganaɗisu zai shiga ta gefe ya zauna. Wannan ya ƙara jurewa, amma shi ma leɓen ya buɗe. Na koyi muryoyinsu a ramin nan. Inji yakan fara da gurnani, ya koma kuka, ya koma wani siririn fito da ke shiga haƙori, kuma daga fiton nan ba a daɗewa.

Sai na ce bari in ɗaure su ta waje. A kasuwar gwangwan ana samun guntayen wayar sadarwa da aka binne a gefen kwalta, a cikinta akwai wani zare rawaya, siriri, wuƙa ma da ƙyar take yanka shi, kuma ba ya miƙewa. Na naɗe rotor da shi da hannu, na shafe da gam, ya yi kyau abin sha'awa. A rami bai fashe ba, amma da na buɗe na ga maganaɗisu sun ɗaga a ƙarƙashin zaren sun goge gida. Agali ya karɓa ya jujjuya, ya danna zaren da farce.

Ya ce, “Wanga ba ɗauri na ba, rawani na. Kai ka naɗa mishi ado.”

Ya jawo wata wuƙa daga jakarsa ya nuna mini ƙotarta, ɗaure da kiri, ya ce in gwada sa allura a ƙarƙashi. Ta ƙi shiga. Ya ce ɗanyar fata yake jiƙawa, ya ja ta da haƙori da hannu ya naɗa, in ta bushe sai ta ƙara tsukewa. Tun wuƙar tana kwance ɗaurin yake matse ta, ba ya jira sai an yi sara sannan ya farka. Zarena kuwa a kwance yake yana barci, sai maganaɗisu ya riga ya ɗaga sannan yake jin nauyi.

Zaren nan ba ya tsukewa da ruwa, sai muka yi masa wata dabara. Na rataya tsohon faifan inji mai nauyi a bakin zaren ta kan wani ƙarfe mai juyawa a rufin rumfa, ina juya rotor a hankali, zaren yana hawa a miƙe kamar tsirkiya, Agali yana bi da gam da hannun hagu yana jera shi layi-layi yadda yake ɗinki. Da ya bushe na ɗora shi a kan zartunan Maigida Sumana na daidaita nauyinsa. A rami allura ta wuce ninki biyu, ta doshi uku, fiton nan ya zo ya zauna, ina jiran ƙara, injin ban ruwa ne ya gaza. Na buɗe, ko gezau. Na sake yin wani irinsa sak, don wanda ya sha wuya a rami ba na ɗora mutum a kansa. Na haɗa masa maɓallin birkin wuta a hagu, na sa masa ƙafar babur mai birki a ciki, na yi masa wurin kaya a baya.

Ni da kaina na bi shi ƙauyensu, ranar kasuwar Buza muka fito da sassafe. Na tsaya wajen aduwar nan na leƙa ƙasa. Hanya ce ja, mai tsakuwa, ta sunkuya ta tafi har mutanen da ke gindinta suka zama ƙanana. A wannan wuri aka riƙa ce mini lafiya lau. Mutanen gari sun fito kallo. Ƙanen Agali ya riga ya ɗaura jaki a amalanke, ya tsaya a gefe yana jira, Agali kuwa ko kallon wajen bai yi ba.

Na ce, “Malam Agali, don Allah kak ka saki maɓallin ga har ƙasa. Rairai ba matsala ta ba yanzu, inji na hidda ka.”

Ya ce, “Na jiya.” Ya yi bisimilla ya danna.

Rabin farko keke ya sauka a natse, inji yana gurnani, ina biye da shi da sassarfa ina jin ƙaurin wayar guga da ta ɗauki zafi. Har na fara hamdala. Muna kaiwa inda ƙorama ta bayyana, sai na ga ya sunkuyar da kai ya kau da fuska gefe, yadda ya saba tun yana saurayi, ya ɗauke yatsa daga maɓallin. Keke ya zabura. Gurnani ya koma kuka, kuka ya koma fito, fiton da na sani a rami, sai dai yau ba tayoyi ba buhunan rairayi, mutum ne zaune a kai. Na kwasa da gudu ina kiran sunansa ina salati. Tsakuwa ta kwashe ni, ƙafata ta gurɗe, na gangara da mazaunai. Ina ƙasa ina sauraro, ba abin da nake jira sai ƙarar nan. Sai na ji fiton yana saukowa, ya koma kuka, ya koma gurnani, ya yi shiru.

Da na ɗingisa na tsallake rairayin, na tarar da shi a inuwar wani gawo yana gyara hularsa. Na wuce kai tsaye wajen keken. Na zaro dogon sukuddireba na ɗora a jikin inji, na ce ya murɗa kaɗan. Muryar tas take, ba gogayya, ba tsakuwa. Na zauna a ƙasa na gode wa Allah da babbar murya, na yi wa Maigida Sumana addu'a, na yi wa mai ɗaurin kiri godiya, sannan na zage shi son raina.

Ya ce, “Yi haƙuri, Malam Habu. Hannun na yas saba, bai shawarce ni ba.”

Na yunƙura zan tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Idon sawu ya kumbura ya cika takalmi, ga Buza da sauran tafiya. Can sai ga ƙanensa ya iso da amalanke, ya ga halin da nake ciki, ya ce in hau ya kai ni. Har na miƙa hannu, Agali ya buga wurin kayan da ke bayansa.

“A'a. Wanga nawa na. Hau nan.”

Na ce nauyi zai yi yawa. Ya ce hanya shimfiɗe take daga nan, kuma wannan amsar tambaya ce. Na rarrafa na hau, na zauna a kan fatu da linzamai, na riƙe kafaɗarsa mai lafiya. Haka muka shiga Buza, kasuwa ta cika maƙil, mutane suna juyowa suna kallo. Agali ya ɗaga murya yadda duk layin masu hatsi za su ji:

“Ku kauce, bayin Allah! Ku ba da hanya, na ɗauko gurgu!”